Yaro ɗan shekara 17 yana so kotu ta ce ya girma: ana yin haka a Abuja?

Malam Sabi'u (mai kula da zaure): Assalamu alaikum. An turo mini tambaya ta bayan fage, mai ita ya ce a sakaya sunansa. Yaro ne ɗan shekara 17 da wata biyu. Mahaifinsa ya rasu shekara uku da suka wuce, ya bar mata ɗaya, da shi yaron, da ƙannensa mata biyu, 13 da 10. Iyayen mamacin duk sun riga shi, kuma bai bar wasiyya ba. Akwai gida a Kubwa mai 'yan haya, takardun da kuɗin hayar duk suna hannun baffan yaran, ƙanin mamacin, har yau ba a raba gado ba. Yaron ya ƙware a gyaran waya, yana so ya kama shago a Wuse. Ya gani a intanet wai a Amurka yaro kan je kotu a ba shi takardar cewa ya zama babba tun bai kai 18 ba, ya fita daga ikon manya. Yana tambaya ko ana yin haka a nan, in ana yi ta ina zai fara. Baristoci da malamai, bismillah.

Barista Hadiza: Wa alaikumus salam. A taƙaice, babu. Dokar da ke aiki a Abuja ita ce Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003. Sashe na 277 ya ce duk wanda bai cika 18 ba yaro ne, kuma shekarun girma a doka 18 ne. Ka bi dokar daga farko har ƙarshe, ba za ka ga sashen da ya ba alƙali ikon rage wa wani wannan lamba ba. Ko lauya ya rubuta takardar roƙon, ba shi da ƙusar da zai rataye ta.

Abin da ya gani a intanet gaskiya ne, amma a can ma jiha-jiha ne. A Kalifoniya sai yaro ya kai 14, yana zaune daban da iyayensa da saninsu ko yardarsu, yana riƙe da kuɗin kansa, kuɗin kuma ba na laifi ba, sannan alƙali ya gamsu ba cutuwa zai yi ba. Kuma da takardar a hannunsa ba zai yi zaɓe ba sai ya kai 18. A Faransa daga 16 ne, kuma iyaye ne ke nema, alƙali ya saurari yaron. Su biyun sai da suka rubuta doka a kai. Mu ba mu rubuta ba.

Alhaji Ɗanlami (dillalin filaye): Barista ranki ya daɗe, ai saura wata goma ne kacal. Ya je Babbar Kotu ya yi takardar rantsuwa ta shekaru, a ƙara masa shekara ɗaya, magana ta ƙare. Mutane nawa ke yi.

Barista Hadiza: Alhaji don Allah kar a ba shi wannan shawarar. Rantsuwar ƙarya laifi ce a Final Kod, wato dokar hukunta laifuka, wadda ita ke aiki a Abuja. Sannan yaron da aka haifa a wannan zamanin yana da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, yana da NIN, watakila da WAEC ko NECO, duk da ranar haihuwa ɗaya a jiki. Takardar rantsuwa ba ta shafe su, sai dai ta haifar da ranakun haihuwa biyu, su bi shi JAMB, su bi shi fasfo, su bi shi banki. Shekarar da ya ƙara yau ita za a cire masa gobe: bautar ƙasa tana da iyakar 30, ritayar aikin gwamnati 60. Mafi muni, ranar da ya shiga kotu da baffansa, lauyan baffan zai ɗaga takardun biyu ya ce ga wanda ya taɓa rantsuwa a kan ƙarya. Shari'ar gadon da take tasa sai ta koma shari'ar amincinsa.

Alhaji Ɗanlami: Na janye. Amma bari in ƙara abin da na sani a fannina, don 18 ɗin ma ba ta kai shi inda yake zato. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, sashe na 7, ta hana gwamna, a nan Abuja kuma Minista, ba wa wanda bai kai 21 ba takardar mallakar fili ko amincewa a mayar da ita sunansa. Sai dai ta hannun waliyyi ko amintaccen da aka naɗa bisa ƙa'ida. Masu sayen fili da sunan 'ya'yansu ƙanana a nan suke tuntuɓe, a rubuta yarjejeniya da sunan ɗan shekara 8, a kai AGIS, ofishin da ke kula da takardun filaye a Abuja, fayil ya tsaya.

Barista Nura: Haka ne Alhaji, amma a karanta sashen har ƙarshe. Ya ware wanda fili ya faɗo masa ta gado. Irin wannan, ko bai kai 21 ba, ko ba a naɗa masa kowa ba, nauyin filin yana kansa kamar babba, har da kuɗin ƙasa na shekara. Wato gado bai jiran 21. Sayen sabo ne ke jira.

Kuma ga dalilin da 21 ɗin ta ƙi motsi. Dokar yara, a sashe na 274, ta ce ta shafe sauran dokokin da suka shafi yara. To amma Dokar Amfani da Ƙasa tana cikin dokoki huɗu da sashe na 315(5) na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗaure, ba a taɓa su sai ta hanyar gyaran tsarin mulki. Shi ya sa nake yawan cewa a Najeriya ba lamba ɗaya ba ce, tsani ne. Ƙasa da 7 babu laifi a kan yaro ko kaɗan, tsakanin 7 da 12 sai an tabbatar ya san abin da yake yi, sashe na 50 na Final Kod ke nan. A 14 zai ba da shaida da rantsuwa. A 16 zai iya sa kansa koyon sana'a da hannunsa a Dokar Ƙwadago, ba sai uba ya sa masa hannu ba. A 18 zaɓe da lasin tuƙi. A 21 fili, da auren rajista ba tare da rubutaccen izinin uba ba. A 25 takarar majalisar wakilai da ta jiha, tun gyaran 2018. Sanata da gwamna da shugaban ƙasa 35.

Malam Abdulƙadir: Salamun alaikum. Allah Ya jiƙan mamacin. Baristoci sun yi nasu, amma ni ina ganin yaron ya yi tambaya ne a ƙofar da ba tasa ba. Abin da ke damunsa dukiya ce da ke hannun wani, mamacin kuma Musulmi ne, don haka maganar hajaru ce, wato hana mutum sarrafa dukiyarsa, da yadda ake ɗage shi.

Abu biyu ne mutane ke cakuɗawa, balaga da rushdi. Balaga a mazhabar Malikiyya tana tabbata da ɗaya cikin biyar: mafarki, haila, ciki, tsirar gashin gaba mai kaushi, ko cika shekara 18 in babu ko ɗaya daga waɗancan. Shafi'iyya da Hambaliyya 15 suka ce. A lura, shekarun wata ne, kuma shekarar wata ta gaza ta rana da kusan kwana 11. Shekara 18 ta hijira tana kamawa wajen 17 da wata biyar da rabi a kalandar Turawa. To ko da lissafin shekaru kaɗai aka bi, wannan yaron saura masa wata uku da 'yan kwanaki, balle alamomin da kusan tabbas sun riga sun bayyana.

Amma balaga salla da azumi take wajabtawa, ba ita kaɗai ke buɗe akwatin dukiya ba. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta ce a jarraba marayu har su isa aure, in an ga rushdi a tare da su sai a miƙa musu dukiyarsu, in an miƙa kuma a kafa shaidu. Rushdi a wurinmu shi ne iya tattalin dukiya da rashin ɓarnatar da ita. Jarrabawar ba ta baki ba ce. A ba shi ɗan jari, a bar shi ya saya ya sayar, a ga ko ana cutarsa a ciniki, ko yana bambance riba da uwar kuɗi, ko in kuɗi ya shigo da yawa yakan haukace. Yaron da ke sayo gilashin waya da batir a sari, ya cire kuɗin aikinsa, ya mayar da jari, ai rabin jarrabawar ya riga ya ci.

Hajiya Talatu (jami'ar walwalar jama'a): Allah gafarta Malam, to shi baffan fa? Ai a al'ada shi ne uba yanzu.

Malam Abdulƙadir: Hajiya nan ne kuskuren da ya cinye gidajen marayu da yawa. Walicci iri biyu ne. A walicin aure baffa yana cikin jeri. A walicin dukiya, a asalin mazhaba, uba ne, sai wasiyyin da uban ya naɗa, sai alƙali ko muƙaddamin da alƙali ya naɗa. Shi ke nan. Baffa ba ya ciki, wa ba ya ciki, kaka ba ya ciki, uwa ma ba ta ciki sai in an yi mata wasicci ko alƙali ya naɗa ta. Malamai na baya-baya sun sassauta wa mai riƙon maraya a ƙananan abubuwa saboda al'ada, amma ba sayar da gida ba. Tunda an ce babu wasiyya, baffan nan mai ajiya ne kawai, kuma mai ajiya ana tambayarsa lissafi.

Kuma ba magaji ba ne, ɗa namiji ya katange shi. In magadan su ne waɗanda aka lissafa, bayan an biya bashi, matar tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, sauran na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. A kasa dukiya 32: matar 4, yaron 14, 'yan matan 7-7. In a misali hayar gidan naira miliyan 1 da dubu 600 ce a shekara, uwar tana da dubu 200, yaron dubu 700, kowace yarinya dubu 350, kafin a cire gyara da abin da aka ciyar da su. A ninka uku. Wannan shi ne abin tambaya, ba takardar Amurka ba.

Barista Nura: Akaramakallahu, ina da ja a nan. Alƙalin kotun yanki zai iya cewa ya yi rushdi, a ba shi kasonsa, na yarda. To ya fito da hukuncin ya shiga banki, ko ya zauna da mai shago a Wuse. Su dokar 2003 suka sani. Sashe na 162 ma cewa ya yi Kotun Iyali ce kaɗai ke sauraren al'amuran yara. Ba mu jefa shi tsakanin kotu biyu ba kuwa?

Barista Hadiza: Nura, Tsarin Mulki yana sama da dokar 2003. Sashe na 262 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Abuja hurumi a kan gadon Musulmi, da wasiyya, da riƙon yaro, har ya ambaci ƙaramin yaro da almubazzari da mai taɓin hankali in Musulmi ne. Ƙararrakin da take saurara daga kotunan yanki suke tasowa. Don haka rabon gado da naɗa muƙaddami ba su da matsalar hurumi. Inda nake tare da kai shi ne rabin maganarka ta farko. Hukuncin rushdi zai sa a miƙa masa kasonsa, amma ba zai mayar da shi ɗan 18 a idon banki ko hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ba. Kowace ƙofa da mabuɗinta.

Bari in shimfiɗa ta shagon, don ita ce ta fi gaggawa. Sashe na 18 na dokar yara ya ce yarjejeniyar rancen kuɗi ko ta kayan da aka ba yaro bashi ɓatacciya ce, sai ta abubuwan larura, irin abinci, sutura, magani, wurin kwana. Kayan sana'a ba sa cikin larura. Dila ya ba shi kwalin gilashin waya da caja bashi, yaron ya ƙi biya, kotu ba za ta karɓo masa a matsayin bashi ba. Sashen ya ƙara da cewa ko bayan ya cika 18 ya sake yin alkawarin biyan rancen, alkawarin ma ɓatacce ne. Wannan kariya ce ga yaro, amma ita ce kuma ke rufe masa ƙofa, don duk ɗan kasuwar da ya san haka ba zai ba shi kaya ba sai hannu da hannu. Ba sabon abu ba ne. Tun 1924, a shari'ar Labinjoh da Abake a Legas, a kan kayan da aka ba wata budurwa 'yar kasuwa bashi, aka yi wannan gardamar, lokacin ma 21 dokar Ingila ta sani.

Mafita ita ce uwar ta kama shagon da sunanta, ita ce 'yar haya a takarda, rasit da sunanta, shi yana aiki a ciki. Kar a rubuta shi ne ɗan haya ita kuma mai lamuni. Akwai tsohon hukuncin Ingila da ya ce in asalin bashin ɓatacce ne, lamunin kan faɗi tare da shi, don haka lauyan mai shago da ya san aikinsa ba zai karɓa ba. A sa sharaɗi ɗaya a takardar, cewa in ya cika 18 mai shago ya yarda a mayar da hayar sunansa ba tare da sabon kuɗin dillali da na lauya ba. In ba a rubuta ba, za a sake caje su.

Usman (ma'aikacin banki): Ta ɓangarenmu haka abin yake. Asusun yaro da sunansa ake buɗewa, da takardar haihuwa da NIN ɗinsa, amma uba ko uwa ko waliyyi ke sa hannu. Na'urar POS, cak, rance, duk sai babba. In ya cika 18 ya zo da kansa a sauya asusun, a cire sa hannun uwar. Da yawa ba sa zuwa, sai ranar da kuɗi mai nauyi ya shigo ya maƙale.

Sai kuma in mamacin ya bar kuɗi a banki. Takardar rabon gado kaɗai ba kowane banki ke sakin kuɗi da ita ba, yawanci za a nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga Babbar Kotun Abuja. In akwai ƙananan yara cikin magada ba a ba mutum ɗaya, sai biyu aƙalla. A kula sosai da sunayen da za a rubuta. In baffa da wani abokinsa suka karɓo, banki su zai saurara, ba uwar ba.

Barista Nura: Ƙari kan CAC. Ɗan ƙasa da 18 ba ya zama darektan kamfani a dokar kamfanoni ta 2020. Zai iya zama cikin masu kafawa ne kawai in akwai manya biyu da suka sa hannu tare da shi. Rajistar sunan kasuwanci ta fi sauƙi, ana yi wa yaro, amma sai lauya ko majistare ko babban jami'in ɗan sanda ya sa hannu a takardar. Ni dai a wata goma ban ga abin wahalar ba, mai gyaran waya ba rajista ke kawo masa kwastoma ba.

Hajiya Talatu: Ni abin da ya tsaya mini, duk muna maganar yaron, mun manta da 'yan matan. A ce ma akwai takardar, ya karɓa, ya ɗauki kasonsa 14 ya tafi Wuse. Saura 14 na 'yar shekara 13 da 'yar shekara 10, a hannun wa? Ƙaramar tana da shekara takwas a gaba kafin 18. Shekara takwas na haya ba tare da lissafi ba, tsugune ba ta ƙare ba.

Matakin da ya fi aiki shi ne uwar ta shige gaba, don ita babba ce kuma magajiya ce, tana da bakin shigar da ƙara da kanta da kuma a madadin 'ya'yanta. Kafin kotu a zauna a gida, a kira dattijo daga dangin uba, ɗaya daga na uwa, da limamin unguwa, a nemi baffa ya kawo lissafi a rubuce: sunan kowane ɗan haya, nawa yake biya, yaushe ya biya, me aka kashe. A rubuta abin da aka cimma, kowa ya sa hannu. Yawancin irin wannan a nan yake mutuwa, don baffan ba lallai macuci ba ne, wani rashin rubutu ne kawai, kuɗin marayu ya cakuɗe da na cefanen gidansa. In ya ƙi zama ko ya ce a bar kaza cikin gashinta, sai kotun yanki ta Kubwa. A tafi da takardar shaidar mutuwa, takardun haihuwar yaran uku, shaidar aure ko shaidu biyu, kwafin takardar gidan in an samu, da rasit ko hoton alat daga 'yan haya. 'Yan hayar nan su ne shaidun da suka fi ƙarfi, a fara zuwa wurinsu cikin ladabi tun kafin magana ta fasu. A roƙi abu uku: a tantance magada a raba, a sa baffa ya yi lissafin shekara uku, a naɗa muƙaddami ga 'yan matan. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya gwada Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Malam Abdulƙadir: Madalla Hajiya. A ƙara na huɗu: a roƙi kotu ta hana sayar da gidan kafin a gama. Gidan maraya ba a sayar da shi haka kawai. Ko alƙali ne zai sayar, fiƙihu ya ɗora masa sharuɗɗa, sai ya tabbatar da maraicin, da cewa gidan nasu ne, da cewa akwai buƙata kuma shi ne ya fi dacewa a sayar, a tallata shi a fili, ba a ƙi wanda ya fi taya ba, kuɗin kuma ya yi daidai da kasuwa. In gidan ba ya rabuwa ɗaki-ɗaki, a bar shi a raba hayar bisa kaso, a zuba na kowace yarinya a asusunta.

Wani abin lura kuma ga shi yaron. Wanda ubansa ke raye, hajaru na faɗuwa da kansa in ya balaga da rushdi. Wanda ke ƙarƙashin wasiyyi ko muƙaddami kuwa sai an kwance shi a gaban shaidu. Don haka kar a bari a haɗa shi da ƙannensa cikin takardar muƙaddami ɗaya ba tare da an yi maganar rushdinsa ba, sai ya koma neman a kwance shi daga baya. Ya zo da mutum biyu adilai da suka san cinikinsa, maigidansa na sana'a da wani maƙwabcin teburi, su yi shaida a zama ɗaya.

Alhaji Ɗanlami: To ni ina da wata tambayar. Ba an ce a Tsarin Mulki duk macen da ta yi aure ta zama babba ba? Ashe akwai hanyar girma kafin 18 ke nan, mata ne kawai aka ba.

Barista Hadiza: Wannan sashe na 29(4)(b) ne, kuma an fi kowane sashe yi masa mummunar fahimta. Sashe na 29 gaba ɗayansa a kan abu ɗaya yake, wanda yake so ya ajiye zama ɗan Najeriya. Ya ce sai cikakken mutum, ya fassara shi da ɗan 18, ya ƙara da cewa matar aure ana ɗaukar ta cikakkiya, don wannan manufar kaɗai. Bai ba ta zaɓe ba, bai ba ta fili ba. A Yulin 2013 Majalisar Dattawa ta so goge shi, Sanata Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi ja, aka sake ƙuri'a, ba a samu 73 da ake buƙata ba, ya zauna. Jaridu suka ce an halatta auren yara, alhali ba a ƙara ko harafi ɗaya ba, gogewa ce ta gagara. A Abuja sashe na 21 na dokar yara ya ce auren ƙasa da 18 ɓatacce ne, sashe na 23 ya sa tarar naira dubu 500 ko ɗaurin shekara biyar ko duka biyun. Masu ja suna kafa hujja da cewa jerin ikon tarayya, abu na 61, ya cire auren Musulunci da na gargajiya. Wannan gardamar tana nan, kuma ba ta yaronmu ba ce.

Barista Nura: Ni fa har yanzu ina ganin giɓi ne a dokarmu. Abuja cike take da 'yan 16 da 17 da ke ciyar da gida, a gareji, a shagon ɗinki, a kasuwar waya. Jami'a tana ɗaukar ɗan 16, an gwada mayar da ita 18 a 2024 aka janye. Mun yarda ya zauna shi kaɗai a hostel a wani gari, ba mu yarda ya sa hannu a hayar teburi ba. Ƙaramin sashe ya isa: daga 16, alƙalin Kotun Iyali ya duba, ya ba shi ikon ciniki da asusu kawai, ban da aure, ban da sayar da ƙasa. Abin da Malam ya kira rushdi ne, a sa masa rigar doka.

Barista Hadiza: A takarda yana da kyau. Ka tuna dai abin da takardar ke ɗaukewa. A wasu wuraren da ake yi, irin Kalifoniya, ranar da aka ba yaro ita, ranar nauyin ciyarwa ke sauka daga kan iyaye. A nan sashe na 14 ya ba yaro ikon kai iyayensa ko mai riƙonsa Kotun Iyali su ciyar da shi gwargwadon ƙarfinsu. Wa kake zato zai fi cika layin neman takardar, yara masu sana'a, ko manya da ke so su sauke nauyi, da masu so yaro ya sa hannu a bashi ko a takardar yafe gado? A wannan maganar da ke gabanmu ma, da akwai takardar, baffan ne zai fi kowa murna. Ya kai yaron kotu a ce ya girma, ya miƙa masa dubu ɗari biyar, ya sa shi sa hannu cewa ya karɓi haƙƙinsa duka.

Barista Nura: Shi ya sa na ce alƙali ya duba, kuma ban da ƙasa.

Barista Hadiza: Alƙalin da ke da fayil nawa a rana? Mu bar ta a nan, za mu ci gaba a ofis.

Malam Sabi'u: Na tura masa duk abin da aka faɗa, na ce ya nuna wa mahaifiyarsa. Ya dawo da bayani biyu. Rasit ɗin hayar da sunan baffan ake rubutawa, 'yan haya huɗu ne, biyu suna biya ta banki. Takardar gidan kuma ya taɓa ganinta sau ɗaya, ya ce ba C of O ba ce, wato takardar mallakar fili, wasiƙar rabon fili ce ta ƙaramar hukumar Bwari da sunan mahaifinsa.

Hajiya Talatu: Masu biya ta banki su fitar da bayanin asusunsu na shekara ukun, a buga a ajiye tun yau.

Alhaji Ɗanlami: Wasiƙar ƙaramar hukuma? To akwai sauran aiki. A Abuja duk ƙasa ta Gwamnatin Tarayya ce tun dokar 1976, Minista kaɗai ke rabawa, irin waɗannan wasiƙun sai an kai su AGIS an tantance. A tambayi uwar ko marigayin ya taɓa kaiwa, in ya kai akwai takardar shaidar karɓa mai lambar fayil, ita za a fara nema a cikin kayansa. In tana hannun baffan, a sa ta cikin abin da zai ajiye a gaban dattawa ranar zaman, ainihinta ba kwafi ba.